Sharhi kan bututun salansa mai inci 3 da tasirinsa ga matsin iskar turbo

Kayan da nake magana a kansu bututun hayaƙi ne mai faɗin inci 3 wanda ake ɗaurawa kai tsaye a bayan turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), an yi shi da ƙarfe marar tsatsa samfurin 304, kuma yana ɗauke da katalis (matatar hayaƙi) mai manyan ramuka. Na sa shi a motar fetur mai injin lita 2 da silinda 4, a madadin na kamfani mai inci 2.5. Masu sayar da irinsa sukan ce yana ƙara matsin iska, amma maganar tana buƙatar gyara, domin ainihin amfaninsa shi ne sa matsin ya zo da wuri.

Hayaƙin inji ne yake juya farfelar turbo, kuma ƙarfin juyin ya dogara ne da bambancin matsi tsakanin gaban farfelar da bayanta. Idan bututun da ke bayanta ya yi ƙunci, ko katalis ɗin ya tare hanya, sai hayaƙi ya taru ya danne farfelar ta baya. Ƙarin rabin inci kamar ba komai ba ne a ido, amma daga inci 2.5 zuwa 3 girman filin bakin bututun yana ƙaruwa da kashi 44 cikin 100. A tuƙi, hakan ya bayyana ƙarara: idan aka taka totur a giya ta uku daga ƙaramin juyi, allurar ma'aunin matsi tana tashi da wuri, kuma jinkirin nan da aka saba ji kafin mota ta zabura ya ragu sosai.

Ƙirar kayan ta gamsar da ni. Waldar ta zauna lafiya lau, ramukan noti sun dace ba tare da an fasa komai ba, kuma bakin da ke haɗuwa da turbo a buɗe yake kamar mazurari, ta yadda hayaƙin farfela da na ƙofar sakin hayaƙi suke samun wurin fita. Gaskit ɗin da ya zo a kwalin ne kawai ya yi siriri, don haka ina ba da shawarar a sa mai kauri tun farko.

Inda ya kamata mai saye ya natsu shi ne batun ƙofar sakin hayaƙin nan. Aikinta shi ne kewayar da wani ɓangare na hayaƙi daga farfela idan matsi ya kai inda aka tsara. Kamfani ya auna girman raminta ne bisa salansa mai ƙunci. Da zarar an buɗe hanya, hayaƙi yana samun sauƙin bi ta farfela, kuma idan ramin ƙofar ƙarami ne, matsin yakan ci gaba da hauhawa a babban juyi duk da cewa ƙofar a buɗe take gaba ɗaya. Akwai kuma tsalle na ɗan lokaci, inda allura take wuce iyaka kafin ta dawo. A motata na ga wannan tsallen, kwamfutar motar kuma ta shawo kansa. A motar da abin ya yi yawa, kwamfutar tana iya yanke mai ko ta rage ƙarfin inji, ta nuna lambar P0234, wadda ke nufin matsi ya wuce kima. Haɗarin gaske shi ne iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, inji ya fara ƙwanƙwasa, abin da ke iya lalata fistin.

Saboda haka ban yarda a sa wannan bututu ba tare da an sake saita kwamfutar motar a hannun gwani ba. Motocin zamani suna da adadin matsin da suke nema, kuma za su riƙa komawa gare shi komai faɗin salansa. Sai an yi saitin ne ake cin moriyar hanyar da aka buɗe. Saitin ne kuma yakan magance lambar P0420, wadda sensar da ke bayan katalis take jawowa idan tacewar ba ta kai ta asali ba. Ya dace a duba dokar hayaƙi ta ƙasar da ake tuƙi, domin a Amurka da ƙasashen Turai da dama taɓa katalis na iya hana mota cin gwaji.

Sauya tukunyar salansa ta baya kaɗai ba ya yin wani tasiri na kirki ga matsi, sai dai ƙara. Wannan bututun ma ya ƙara amo, kuma ana jin kukan turbo fiye da da, amma bai kai ga damun mutum a doguwar tafiya ba. Ina ba da shawararsa ga wanda ya shirya haɗa shi da ma'aunin matsi da saitin kwamfuta. Wanda bai shirya wa waɗannan biyun ba, gara ya bar na kamfani a wurinsa.