Zama ko Tserewa: Penkovsky da Rezun

Jami'in leƙen asirin sojan Tarayyar Sobiyet, wato GRU, da ya juya wa gwamnatinsa baya, hanya biyu ce a gabansa. Kanar Oleg Penkovsky ya zauna a Mosko yana ɗaukar hotunan takardun sirri da 'yar kyamarar Minox yana miƙa wa Amurka da Birtaniya, kuma a ganina zamansa ya fi tasiri, domin bayanansa sun yi amfani a rikicin makamai masu linzami na Kyuba, sai dai an cafke shi a 1962, aka kashe shi a 1963. Vladimir Rezun kuwa ya sulale daga Geneva zuwa Ingila da iyalinsa a 1978, ya tsira da ransa, ya koma rubutu da sunan Viktor Suvorov.