Tundra, F-150, Ram ko Silverado: nawa suke sha a hanyoyin Maraɗi?

Duk wanda ke son sayen ɗaya daga cikin manyan motocin a-kori-kura da ake shigowa da su daga Amurka, tambayarsa ta farko guda ce: lita nawa take sha? Mai sayarwa zai nuna maka wata lamba a allon gaban direba ko a takardar motar. Lambar da ke takardar daga EPA, hukumar kula da muhalli ta Amurka, ta fito, an auna ta a ɗakin gwaji, ba buhun aya a baya, ba rairayin hanyar Bermo, ba zafin watan Afrilu. Kuma da mil da galan aka rubuta ta, wato mil nawa motar ke yi da galan ɗaya. Ka raba 235 da lambar, sai ka samu litar da take sha a kilomita 100. Mai 15 tana shan lita 15.7 ke nan, mai 20 kuma lita 11.8. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, don haka idan aka kawo maka lissafin Ingila motar za ta yi kama da mai tsimi alhali ba haka take ba.

A wurina Toyota Tundra mai injin V8 na lita 5.7 ita ce zaɓi, ƙirar 2007 zuwa 2021, duk da cewa ta fi sauran sha. A takarda, mai kat-kat tana shan wajen lita 18 a cikin gari, lita 14 a doguwar hanya. A nan, ka yi lissafi da lita 14 zuwa 15 idan ka ɗauki kwaltar Zinder ko ta Yamai kana tafiya a kan 100 ba kaya, lita 19 zuwa 21 a cikin gari da kilim a kunne, sama da 25 idan ka saka ƙaramar giya a rairayi. Abin da ya sa na fifita ta shi ne lambarta ba ta yi maka ba-zata. Injin ba shi da turbo, yana fesa mai ta tsohuwar hanya a bakin bawul, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, giyarsa shida ce. Idan man da ka zuba ya ɗan gaza inganci, kwamfutarsa takan ja baya kaɗan ya ci gaba da tafiya. Irin injin da ke cikin Lexus LX 570 da Sequoia ne, shi ya sa buji da matata da famfon ruwa ba sa wuyar samu daga Katsina ko Kano, kuma bakaniken da ya saba da manyan Toyota ba zai tsaya yana kallonsa ba. Tankinta lita 100 ne, daga 2016 akwai mai lita 144, wadda za ta kai ka Yamai, kusan kilomita 660, ba ka tsaya gidan mai ba.

Tana da nata ciwon. Famfon da ke tura iska cikin salansa da sanyin safiya yakan sha ruwa ko ƙura ya tsaya, musamman a ƙirar farko, sai motar ta rage ƙarfi fitilar inji ta kunnu. Akwai kuma waɗanda aka ƙera don man da ake gauraya wa barasar masara a Amurka, za ka ga an rubuta Flex Fuel a jikinsu. Kwamfutarsu wani lokaci takan ɗauka cewa akwai barasa mai yawa a tanki, sai ta riƙa zuba mai fiye da kima: motar ta yi wuyar tashi da safe, hayaƙi ya yi warin ɗanyen mai, sha ya hau. Da na'urar bincike ake duba wannan lamba a mayar da ita daidai. Mutane da yawa sukan canza buji da famfon mai a banza kafin su gano.

Ford F-150 mai injin EcoBoost na lita 2.7 tana cikin waɗanda suka fi tsimi a cikin masu esansi. Daga 2015 jikinta na alminiyon ne, ta rage nauyi sosai, kuma ba kaya a kwalta za ta iya yi maka lita 11 zuwa 12. Sai dai tsimin na nan ne muddin turbo biyun nan na hutawa. Ka loda mata buhunan wake, ka taka ta a zafin da ya haura 40, sai ta koma shan abin da V8 ke sha, kuma ba ta yafe gurɓataccen mai ko jinkirin juye. Mai gyaran jiki da ya iya alminiyon ma sai an nema. Ram 1500 mai Hemi buji 16 take ci, tana sha kusa da Tundra ba tare da juriyarta ba. Silverado mai 5.3 tana kashe rabin silinda don tsimi, kuma wannan dabarar ce ke yawan lalata mata inji. Sabuwar Tundra ta 2022 mai turbo ta rage sha, amma a 2024 kamfanin da kansa ya janye kimanin dubu 100 na ƙirar 2022 da 2023, haɗe da Lexus LX 600, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage cikin inji. Masu gazuwal na Amurka kuwa, EcoDiesel da Duramax na lita 3, a bar su inda suke: an yi su ne don gazuwal mai ƙarancin farar wuta, kashi 15 cikin miliyan, suna da matatar hayaƙi da ke toshewa da wani ruwa na daban da in ya ƙare motar ta ƙi tafiya.

Da farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, esansi sefa 499 lita, gazuwal 618, tafiya ɗaya zuwa Yamai za ta ci wa Tundra lita 99, kusan jika 49 da rabi. F-150 a kan lita 12 za ta ci jika 39 da rabi. Hilux mai gazuwal a kan lita 9 ba za ta kai jika 37 ba. Wanda aikinsa ɗaukar gero ne daga kasuwannin ƙauye, ya sani cewa waɗannan manyan motocin girman ido ne: Tundra mai ƙofa huɗu kilo 550 zuwa 750 aka yarda ta ɗauka, har da mutanen da ke ciki. Buhu biyar ko shida ke nan. Wannan aikin na Hilux ne ko Land Cruiser 79. Tundra ta mai doguwar tafiya ce da iyali, ko mai jan tirela.

Kada ka ba da ko dala sai ka auna da kanka, gani ya kori ji. Ka cika tanki a gidan mai har famfo ya tsaya da kansa, kada a ƙara. Ka rubuta kilomita, ka je Tasawa ka dawo, ka koma famfon nan ɗin dai ka sake cikawa. Litar da ta shiga ka ninka da 100, ka raba da kilomitar da ka yi. Ka kunna taswirar wayarka ta auna nisan ita ma, don da yawa daga cikin motocin nan suna zuwa da manyan tayoyi da aka canza musu a can, kuma babbar taya tana sa agogo ya ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, ga nauyi da ke ƙara sha. Lambar da allo ke nunawa ba shaida ba ce. Maɓalli guda ake dannawa a share ta, a gangara da motar a hankali na minti goma, ta nuna lita 10.

Zamba a wannan kasuwa ta fi bambancin da ke tsakanin motocin yawa. Da yawa daga cikin waɗanda ke isowa ta Kwatano ko Lome daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya suka fito. Lambar jikin mota mai harufa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Ka tabbatar sun yi daidai da juna da takardun duwan, sannan ka saka ta a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjo da kilomitarta na lokacin za su fito. Motar da ta nutse za ka gane ta da tsatsa a ƙusoshin ƙarƙashin kujera da laka a bayan kafet, kuma wayoyinta za su riƙa ba kwamfuta labarin ƙarya har abada. A ɗaga motar ka duba tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ana yanke ta a hanya saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta, a liƙa bututu, wani lokaci har da na'urar auna hayaƙi a tafi. In ka ga sabon walda a wurin, ka rage kuɗi sosai ko ka tafi. Ka murza makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar inji dole ta kunnu sannan ta mutu bayan tashi. In ba ta kunnu ba sam, cire ta aka yi. A saka na'urar bincike a duba gyaran mai da kwamfuta ke yi, wato ƙari ko ragin man da take zuba wa inji; in ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa, akwai abin da ke yoyo ko ya toshe.

Bayan saye ma ba a tsira ba. Buji na jabu masu sunan Denso sun cika shaguna, kwalinsu kamar na gaske, amma bakinsu yakan cinye tun kafin juye na biyu. Matatar iska ta jabu ta fi haɗari, domin ƙurar hunturu tana ratsa ta ta manne a kan siririyar wayar da ke auna iska, daga nan sha ya fara hawa ba ka san dalili ba. A lokacin hunturu a duba matatar kowane mako biyu, kada a hura ta da iska mai ƙarfi, yagewa take. Ruwa-ruwa na bakin hanya ya daina araha tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, amma wanda tafiya ta kai shi Dakoro ko gaba wata rana zai saya. Ya zuba kaɗan a farar kwalba ya bari ya kwanta: ruwa da datti za su sauka ƙasa, kalanzir kuma yakan bar maiƙo a yatsa ya ƙi bushewa. A tace da kyalle mai tsabta kafin a zuba.

Sauran yana ƙafarka. Daga 100 zuwa 130 turjiyar iska na ƙaruwa da kusan kashi 70 cikin 100, kuma faɗin gaban motar nan ba kaɗan ba ne. Barin ta a kunne da kilim a ƙofar kasuwa yana cin wajen lita 2 a awa. In ka sassauta iskar taya don rairayi, ka mayar da ita daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba da zarar ka hau kwalta, ka kuma cire kat-kat, in ba haka ba tayoyi da giya da tanki duk za su biya.