Dattin da muke kwashewa a kamfani shi ake sayarwa a kyamis

Yaya barkanku da war haka, ya iyali ya su Inna. Na ji saƙonku na murya har sau biyu akan kafson nan na "maganin hanta" da kuke so in aiko wa Inna, na kuma kalli ɗan bidiyon da ke cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma dama na daɗe ina son in muku bayani don abin dariya wlh shukar da ake yin kafson da ganyenta ni nake tura shararta a baro kullum.

Sunan abin karcofo a bakin 'yan Italiya, a Sifen kuma alkacofa, duk daga Larabci ne, alkharshuf. Kan fure ne da ake yankewa kafin ya buɗe, kamar dunƙulen hannu mai ɓawo hawa-hawa. Nan Italiya yankin Puliya wajen Fojja da Birindisi ake nomansa sosai, sai Sisili da Sardiniya, Masar da Sifen ma manyan manoma ne. Kakarsa tun daga wajen watan 11 har watan 5. Aikinmu a kamfani feraye ne, ka cire ɓawon waje ka datse sama ka datse kara ka ƙwaƙule gashi-gashin ciki, abin da ya rage ɗan tsakiyar nan shi ake sawa a kwalba da mai. Ranar farko na zata ɓarna nake yi don fiye da rabin kan a kwando yake ƙarewa, ban da ganye da kara da saiwa da aka baro a gona, har wata tsohuwa da ke gefena ta ga ina ta lallaɓa wuƙa ta ce ƙara yanka yaro, skarto ne. Wato shara.

Kafin azahar safar hannuna ta koma baƙa, ranar da ta yage kuwa kwana uku ina wanke yatsu kamar na yi rini. Kuma duk wanda aka feraye dole ka jefa shi cikin ruwan lemon tsami nan take in ba haka ba kana kallo zai yi duhu. To wannan duhun shine asirin duka, akwai sinadarai da suke kira folifenol a ciki, da sun haɗu da iska sai su canza launi, irin su kulorojenik asid da sinarin da lutiyolin. Su ne ake cewa antiyokzidan, aikinsu su tare lalacewar da iska ke yi wa mai da nama, su ne ke shan dukan kafin ya kai ga abincin. Kuma ba su san wani waje shara ba ne, suna cikin ɓawo da kara da ganye kamar yadda suke a tsakiyar da ake sayarwa da tsada. Saiwar kuma cike take da inulin wanda ƙwayoyin hanji masu amfani ke ci. Wani abin mamaki in ka ci karcofo ka kora da ruwa sai ka ji ruwan ya yi zaƙi kamar an sa sukari, sinarin ɗin ne ke wasa da harshe, na farko na zata kofin ne ba a ɗauraye ba.

Tarin sharar a bayan kamfani in ya kwana biyu har tururi yake yi, wari kuma sai wanda ya ji. Wani makiyayi na zuwa da ƙaramar mota ya kwashi na tumakinsa, saura a kai wajen masu yin gas ko taki. Amma fa ganyen shukar nan in an busar an tatse an zuba a kafso sai ya hau kanta a farmaciya, wato kyamis, kwali ɗaya ya cinye min kuɗin aikin fiye da awa ɗaya.

Na zagaya na duba muku wurare uku. A babban kanti akwai shayinsa mai araha amma na juya kwalin sai na ga karcofon kaɗan ne, sauran duk wasu ganyayyaki ne, hotonsa ne kawai babba a gaba, na ji haushin yuron da na bayar. A shagon masu ganye wanda suke kira erboristeriya matar ta auna min busasshen ganye a takarda, ɗaci kamar me, ta ce ɗacin na wani sinadari ne sinaropikirin. Nan ne kuma dole mutum ya buɗe ido don na ruwa da ake ɗigawa yawanci da barasa ake jiƙa shi, akwai ma wata giya mai suna Cynar da ake yi da karcofo tun 1952, hoton abin ne ɓaro-ɓaro a kwalbar, wani yaro sabon zuwa ya kusa ɗauka yana cewa tonik ne. A farmaciya kuwa ya fi tsada amma an rubuta adadin da ke cikin kowane kafso, kuma mai shagon sai da ya tambaye ni ko mai shan yana da tsakuwa a maɗaciya, don in akwai ko hanyar maɗacin ta toshe ba a sha. Katin lafiya bai biyan kuɗinsa, a matsayin ƙarin abinci suka ɗauke shi. Abin da hukumar magunguna ta Turai ta amince da shi akan ganyen shine amfanin gargajiya na kumburin ciki da iska da rashin narkewar abinci, ba ta ce yana warkar da ciwon hanta ba.

Maganar kashe ƙwayoyin cuta da ɗan bidiyon ya yi ta nanatawa kuwa akwai ƙamshin gaskiya, a ɗakin gwaji ruwan da aka tatso yana hana wasu bakteriya yaɗuwa a faranti, ya fi tasiri akan irin su sitafilokokus fiye da ikolai, amma sai an zuba da yawa, ko kusa bai kama ƙafar antibayotik ba. Faranti daban jikin mutum daban. Inda masu bincike suka fi zuba ido shine adana abinci, a sa a nama ko a ledar naɗe abinci don ya ƙara kwana.

Akwai ɗan uwan karcofo da ake kira kardo, shi ma da amfaninsa, shi ya fi ƙaya kuma kara ake ci. Furensa ake busarwa a daskarar da madarar tumaki da shi a Fotugal wajen yin cukun Serra da Estrela, a Sifen kuma Torta del Casar, babu komai na cikin dabba a ciki. Wani abokina da ya yi aiki a Sardiniya ya ce wajen Porto Torres har nomansa aka yi don man 'ya'yansa ana yin roba mai ruɓewa da shi, kuma baya son ruwa da yawa.

Don haka Yaya kafin in sayi komai a fara kai Inna asibiti a yi hoton ciki a duba maɗaciyar da gwajin jinin hantar, kuɗin gwajin na tura tun jiya da yamma. In likita ya ce ba komai zan sayi na farmaciyan kwali biyu, akwai mai tahowa bayan an gama kaka a watan 5. Ku turo min hoton takardar sakamakon ta WhatsApp, gaba da baya.