Sito a gida: a gina sabo a jikin kicin, ko a yanki na ciki?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce gidanku ne na kanku a Rijiyar Zaki cikin Kano, kicin ɗin bai da sito, buhun shinkafa yana ƙarƙashin gado, jarkar manja tana bayan ƙofar falo, kuma Alhaji ya ware kuɗi ya ce ki zaɓa: ko a fasa bango a gina ɗan ɗaki a jikin kicin ta waje, ko a yanki wani ɓangare na kicin ɗin a raba. Kina son sanin wanne ya fi sauƙin kuɗi, wanne kuma ya fi amfani. Na yi duka biyun, ɗaya a gidanmu ɗaya a gidan mahaifiyata, don haka bari in ajiye miki su gefe da gefe.

Kafin komai, kada ki yi lissafin nan da naira. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin da aka faɗa miki yau a kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ba lallai ne ya kai mako biyu ba. Ki sa magini ya rubuta miki yawan kaya: bulo nawa, siminti buhu nawa, kwano falle nawa, rodi nawa. Yawan kaya ba ya canzawa, kuɗinsu ne ke hawa. Ranar da za a saya sai ki ninka da farashin ranar. Wannan kuma shi ke hana a yi miki dunƙule, a ce "ki kawo kaza a gama komai", rabin aiki a dawo a ce siminti ya ƙare.

Mu ɗauki sito mai ƙafa 6 da ƙafa 5, tsayinsa ƙafa 10. Ya isa mutum ya shiga ya juya, ya ɗauki abu ya fito.

Idan na waje za a gina, bangon kicin ya zama bango ɗaya, saura uku sababbi. Bulo goma ne ke cika murabba'in mita guda, don haka bangon ukun nan zai ci kusan bulo 145, ki ƙara na fandisho layi uku, ki kama 180. A namu aikin, siminti ya tashi tsakanin buhu 14 zuwa 18, idan aka haɗa fandisho da ɗora bulo da daɓe da filasta ciki da waje da linta. Sai kwano falle biyar ko shida, kada a sa ki sayi bandir, bandir falle 20 ne. Sai katakon rufi, da silin, da rodi na linta, da yashi da tsakuwa. Yashin ba zai kai tifa ba, a-kori-kura ɗaya ko biyu ya isa, amma kuɗin ɗaukowa ma kuɗi ne, ki rubuta shi.

Idan na ciki za a yanka, babu fandisho, babu rufi, babu filastar waje. In kicin ɗin dogo ne aka toshe ƙarshensa da bango ɗaya, bulo inci 6 kusan 40 ne bayan an cire wajen ƙofa, siminti buhu huɗu ko biyar. In kuwa kusurwa za a yanka, bango biyu ke nan, bulo kusan 85. Tayil ɗin ƙasa ma yana nan, ba sai an sayi sabo ba. Aikin kwana uku zuwa huɗu ne, na waje kuwa ki sa ran mako biyu da lebura suna shige da fice a tsakar gidanki, ga ciyar da su in kin saba.

To a takarda na ciki ya yi nasara, ba ko tantama. Ginin kansa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wancan ba. Amma akwai abubuwan da duka biyun sai sun ci, kuma a nan mutane ke ruɗuwa, su lissafa bulo da siminti su manta cewa ɗaki mai bango huɗu bai zama sito ba sai an sa masa ƙofa da kanta da hanyar iska da fitila. A gidan mahaifiyata, kuɗin ƙofa da kantoci ya fi kuɗin bangon da aka gina.

Ƙofar ta zama ta ƙarfe, ƙasanta ya zauna dab da daɓe. Ɓera in ya sami wajen da ɗan yatsa zai shiga, ya sami hanya. A sa mata makulli mai kyau, kin san gidan da ke da yara da 'yan aiki da baƙi, madara da sukari ƙafa gare su.

Kanta ita ce wajen da zan daɗe a kai, don ita ce sito ɗin. Iri uku ake yi. Ta katako ta fi arha, a 'Yan Katako na Na'ibawa za ki sami falanki, kafinta ya haɗa a yini ɗaya. Matsalarta gara. Mu Hausawa da kalma ɗaya muke rubuta sunan kayan abincin da ake kai wa amarya da ƙwaron nan mai cin katako, kuma na taɓa ganin sito da gara ta ci kanta har garar amarya ta zubo ƙasa. In katako za ki yi, a shafe shi da maganin gara kafin a kafa, kuma kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ki guji MDF a nan, wato allon nan da ake matsawa daga garin katako, kyau gare shi a ido amma da ya sha danshi ya kumbura ya fara marmashewa. Ta biyu ita ce ta ƙarfe, mai walda ya haɗa firam a ɗora falanki ko farantin ƙarfe a kai. Ta fi tsada, amma tana ɗaukar katan-katan na taliya da galan na mai ba ta lanƙwasa, kuma in kun tashi za ki iya kwance ta. Ta uku kankare ce, a zuba ta da rodi tare da ginin, a bi ta da tayil. Wannan ba ta lalacewa, sai dai ba ta matsawa, inda aka sa ta nan za ta zauna. A sabon gini na waje ita nake so, don magini yana wajen, siminti yana wajen. A yankan ciki ta ƙarfe ta fi dacewa.

Ki lura da faɗinta. A ɗaki mai faɗin ƙafa 5, in aka sa kanta mai inci 16 hagu da dama, abin da ya rage na wucewa inci 28 ne kawai, mai ɗauke da buhu ba zai juya ba. Gara a sa mai faɗi a gefe ɗaya da bangon ƙarshe, ɗaya gefen a bar shi ko a sa siririya ta gwangwanaye da kayan ƙamshi. Ƙasa kuma a bar wa buhuna, a kan dakali ko katako mai tsayin inci biyar ko shida, kada su jingina da bango.

Yanzu ga inda na waje yake rama abin da ya ci. Na ciki daga jikin kicin ɗinki ake yanko shi. In kicin ɗin ƙafa 10 da 10 ne kika cire ƙafa 30 na fili, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ranar girkin suna ko buɗa-baki za ki ji a jikinki. Sannan zafin murhu da tururin tukunya suna nan kusa da shi kullum. Fulawa da garin tuwo ba sa son tururi, albasa da dankali kuma iska suke so. Sau da yawa yankan ciki ba ya samun taga ko ɗaya, sai dai a huda bango a sa bulo mai ƙofofi da raga. Na waje kuwa ke za ki zaɓa masa taga, 'yar ƙarama a can sama, da ragar ƙarfe a waje da ragar sauro a ciki, wadda za ki iya rufewa lokacin hunturu saboda ƙura.

Sai dai shi ma yana da nasa ciwon. Ki duba wane gefe zai fuskanta. In bangon yamma ne, rana za ta dake shi daga azahar zuwa magariba, kuma kin san Kano a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Ɗan ɗaki mai kwano ba silin a irin wannan wuri tanderu ne, mai zai canza ɗanɗano, ƙwaro zai samu yadda yake so a wake. Don haka silin ba ado ba ne, kada a ce za a bar shi sai an samu kuɗi. Abu na biyu shi ne mahaɗar sabon kwano da tsohon bango. Mu a nan muka sha. Maginin da ya yi mana ya liƙa siminti kawai a wajen, bai sa farantin kwano ya cusa shi cikin bango ba. Rani ya wuce lafiya, ruwan Agusta na zuwa sai ga shi yana bin bango, buhun fulawa guda ya dunƙule ya zama dutse. Gyaran bai kai kuɗin fulawar ba. Ki tsaya a kan wannan da kanki, ko Alhaji ya tsaya. Ki duba kuma kada ginin ya hau kan kwata ko bututun ruwan kicin, kada indararonsa ya zuba a gidan maƙwabci. Tunda ƙari ne a jikin gini, a leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, a ji abin da ƙa'ida ta ce kafin a haƙa fandisho, musamman in zai matsa kusa da katanga. Fasa ƙofa a tsohon bango kuma sai da linta mai rodi a sama, ba a fasa kawai a cusa firam ba.

Wayarin abu kaɗan ne a duka biyun, ƙwan fitila ɗaya da makunni a waje kusa da ƙofa. In kina tunanin firiza za ta shiga wata rana, a ja soket tun yanzu kafin filasta. Tukunyar gas kuwa kada ta kwana a sito rufaffe, ko na ciki ko na waje.

Wanne za ki ɗauka? Ki duba yadda kuke sayayya. In gidanku irin wanda ake zuwa Dawanau da kaka ne a ɗauko gero da masara da wake buhu-buhu, kowane buhu tiya 40, a biya Singa a haɗo katan na taliya da sukari da mai kafin azumi, yankan ciki zai cika kafin ki gama jera kaya, ki koma tura buhu ƙarƙashin gado. Irin wannan gida na waje yake buƙata, kuma in filin ya ba da dama ki ƙara ƙafa biyu a tsawonsa, ƙarin bulon bai kai 50 ba, rufi da ƙofa da kuɗin magini ba su canza sosai ba. Waken kuma ki zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, ki ɗaure kowace da kyau, ba sai kin sa masa magani ba. In kuwa sayayyar wata-wata kuke yi, shinkafa buhu ɗaya, sauran tiya biyar tiya goma, kuma kicin ɗin yana da tsawo, ki yanki na ciki, rarar kuɗin ki zuba ta a ƙofa mai kyau da kantar ƙarfe da manyan robobi masu murfi daga Ƙofar Wambai.

Daga yadda kika kwatanta, shinkafa da manja kika ambata, ban ji kin ce gero ko masara ba, shi ya sa na fi karkata ga na ciki. Amma ki ɗauki tef ki auna kicin ɗin tukuna, ki ja layi da alli a ƙasa inda bangon zai tsaya, ki yi girki kwana biyu ba tare da kin taka layin ba. In kin iya, a kira magini. Duk abin da ya rubuta, ki ajiye kashi 15 cikin 100 a gefe wanda bai san da shi ba, kuma kuɗin hannunsa a raba uku: na farawa, na bayan filasta, na ƙarshe sai an rataya ƙofa kin buɗe kin rufe da hannunki.