Mute, hush da muffle: inda suka haɗu da inda suka rabu

Ƙanwata, kin ce kin saba ganin *mute* a waya, sai kika ci karo da *hush* da *muffled* a littafin da kike karantawa, ƙamus kuma ya nuna miki duk suna da alaƙa da shiru. Tambayarki ita ce ko za ki iya sa ɗaya a gurbin ɗaya. A mafi yawan wurare ba za ki iya ba. Abin dubawa shi ne me aka yi wa sautin: yanke shi aka yi, ko mai shi aka sa ya yi shiru, ko kuwa lulluɓe shi aka yi yana fitowa dishi-dishi.

*Mute* ta fi sauran yawan fuskoki, don haka a kanta zan fi daɗewa. Asalinta kalmar Latin ce, *mutus*, wato bebe, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan a littattafai, amma kada ki kira mutum da ita yau, musamman a haɗe da kurumta kamar *deaf-mute*. Kurame da yawa suna ɗaukar hakan cin fuska, don suna da harshensu na alama, ba rashin magana ke damunsu ba. Daga wannan tushe kotunan Ingila suka samo *stand mute*, wato a karanta wa mutum tuhuma ya yi gum, bai amsa ba bai musa ba. A da, irin wannan mutum kwantar da shi ake yi a riƙa ɗora masa nauyi a ƙirji har ya buɗe baki ko ya cika. Haka aka yi wa Giles Corey a garin Salem na Amurka a 1692, lokacin shari'ar mayu, kuma ya mutu bai amsa ba. Ingila ta soke wannan azaba a 1772. Yanzu alƙali kan rubuta cewa wanda ake tuhuma bai amsa laifi ba, shari'a ta ci gaba.

Ma'anar da kika sani ta waya jikar wannan ce. Idan kika yi *mute* ɗin rukuni a WhatsApp, na awa 8 ko mako 1 ko har abada, mutane suna can suna ta zuba, ke ce wayarki ta daina sanar da ke, su kuma ba su sani ba. A taron Zoom abin ya juya: bakinki na motsi, babu mai ji, sai wani ya ce *you are on mute*. A muhawarar ƙarshe ta Trump da Biden kafin zaɓen shugaban Amurka na 2020, ranar 22 ga Oktoba a birnin Nashville, masu shiryawa sun riƙa kashe makirufon ɗaya idan ɗayan na bayanin farko na minti 2, saboda katsalandan ɗin da ya lalata muhawarar farko. Jaridu *mute* suka rubuta, kuma ita ce daidai: ba a roƙi kowa ba, maɓalli aka danna.

Sai dai ga inda take ruɗa mutane. A wajen makaɗa, *mute* ba ta kashe sauti, tausasa shi take yi. Wani ɗan abu ne da mai busa ƙahon Turawa ke cusawa a bakin ƙahon, ko mai gogen Turawa ya maƙala a kan katakon da ke tallafe da tsarkiya, sai muryar ta sirance ta yi taushi. Miles Davis, mai busa ƙaho ɗan Amurka, ya yi suna da irin wannan busa. A takardar kiɗa da Italiyanci ake rubuta umarnin, *con sordino*. Daga nan ne *muted* ta samu ma'anar abin da aka rage wa kaifi. *Muted colours* launuka ne marasa ɗaukar ido, irin su ruwan toka da ruwan ƙasa. *The reaction was muted* na nufin mutane sun amsa, amma a sanyaye. Wanda ya fassara ta da "ba wanda ya ce uffan" ya wuce gona da iri, kuma na sha ganin haka a fassarar labarai.

*Hush* kuwa ta mutane ce. Ki faɗe ta a fili za ki ji "shhh" ɗin nan a ƙarshenta. Uwa ce ke faɗa wa jariri, ko malami ga aji. Tana da taushi da lallashi, ba kamar *shut up* ba, wadda ke iya jawo miki faɗa. Idan ta zo a matsayin suna, *a hush fell over the hall*, to zauren ne ya yi tsit bayan hayaniya, ana jiran wani abu. Shiru ne da ya sauko bayan ƙara, kuma cike yake da mutane. *Hushed voices* magana ce ƙasa-ƙasa, irin ta gidan rasuwa ko ɗakin marar lafiya. Ba a yi wa talabijin *hush*, haka nan ba a yi wa jariri *mute*, sai da wasa.

Tana da ɓangaren duhu kuma. *Hush money* toshiyar baki ce tsaf, *hush up* rufa-rufa, *hush-hush* abin da ake yi a asirce. Shari'ar da masu taimaka wa alƙali a New York suka samu Trump da laifi a tuhume-tuhume 34, ranar 30 ga Mayu 2024, kafofin labarai da sunan *hush money* suka riƙa kiranta, duk da cewa ainihin laifin shi ne yin ƙarya a takardun kasuwanci don ɓoye biyan kuɗin. A nan *mute* ba ta da wuri ko kaɗan.

*Muffle* ita ce mafi sauƙi. Ana danganta ta da kalmar Faransanci *moufle*, safar hannu mai kauri, kuma har yau ma'anar naɗewa ba ta bar ta ba. Sauti yana nan, wani abu ne ya shiga tsakaninsa da kunne: bango, bargo, matashin kai, tafin hannu a kan baki. A Ingila idan babban mutum ya rasu, sukan ɗaura fata a kan harshen ƙararrawar coci don ƙarar ta fito a dushe. Shi ya sa kuma *muffler* ke nufin abu biyu, gyalen ɗaurawa a wuya lokacin sanyi, da kuma abin rage ƙarar inji a Turancin Amurka. Mutanen Birtaniya *silencer* suke ce masa, daga gare su muka samo salansa. A ganina Amurkawa sun fi gaskiya a sunan, don salansa ba ta taɓa sa babur ya yi shiru ba, rage masa tsiya kawai take yi.

Ki ɗauki dare ɗaya a gida ki jera su. Waya ta shigo wa Baba, sai Yaya ya danna maɓalli hoton talabijin ya ci gaba da motsi ba murya: *he muted the television*. Yara suka fara surutu, Inna ta ɗora yatsa a leɓe: *she hushed the children*. Aka rufe taga, ƙugin janaretan maƙwabta ya koma kamar daga nesa: *the sound was muffled*. Inda za ki iya musanya biyu ba tare da an yi miki gyara ba shi ne sautin da ya iso a dushe, don *muted sound* da *muffled sound* duk suna tafiya. Ko a nan ma, *muffled* tana sa mai karatu ya nemi abin da ya tare sautin, *muted* kuwa ba ta damu da dalili ba.

Abu biyu kafin ki rufe littafin. Ƙarar waya ba *mute* ake cewa ba a bisa al'ada, *on silent* ake sa ta, *mute* ta fi zama ta makirufo da bidiyo da sanarwar rukuni. Sannan ki kula da furuci: "miyut" ne, ba "mut" ba. Idan kika ce "mut" kin faɗi wata kalma daban, *moot*, wadda ke cikin *a moot point*, batun da ake iya jayayya a kai ko wanda ya daina amfani. Turawan ma da yawa suna rubuta *mute point* bisa kuskure, kuma mai duba jarrabawa zai zagaye miki ita da jan biro.