Kishin Mediya, da sauran labarin Girka

Assalamu alaikum mutanen gida. Masu tambayata ko Girka Turai ce ta gaske ko zango ce kawai a hanyar Jamus, ku yi haƙuri tukuna, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan Yuli, sai na sauke shi.

Tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Kifseli, a nan Atina, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ƙafa ta ƙi, fansho kuma an zaftare shi tun rikicin bashin da ya faro a 2010, har fitilar ɗaki ba ta bari a kunna sai duhu ya yi sosai. Amma wannan mai tsumulmular ce ta zuge jaka ta ƙirgo kuɗin tikiti biyu da na mota, wai za mu Efidabros kallon wasan kwaikwayo. Na ce, "Iya, da wannan ƙafar?" Ta ce can marigayin mijinta ya fara kai ta tun suna neman aure, ƙafa ba za ta hana ta ba.

Tafiyar wajen awa biyu ce, ana tsallaka mashigin ruwan Korinti da aka haƙa aka buɗe a 1893. Motar ta tashi a kan lokacin da aka rubuta, kuma ta tsaya jiranmu har aka tashi daga wasan. Wurin da kansa dandali ne na dutse da aka sassaƙa a jikin tsauni tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, layi 55 na wurin zama, yana ɗaukar mutum wajen 14,000. Tun 1955 ake yin bikin wasanni a cikinsa duk bazara, daren Juma'a da na Asabar. Matasa ma'aikata suna tsaye da 'yar tocila, suna ganin sandar Iya suka kama hannunta suka zaunar da mu a ƙasa-ƙasa, ba wanda ya tsaya yana sosa ƙeya yana jiran na goro. Takalmi mai tsini haramun ne a wurin tun 2009, don kada a ƙwarzane dutsen. Na ga mata 'yan gayu sun zo da silifa ba gardama. Da ƙarfe tara ta yi aka rage wuta, dubban mutanen nan suka yi tsit, har kukan gyare kana ji daga cikin itatuwa.

Wasan na Mediya ne, wanda Yurifidis ya rubuta aka fara nunawa a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa. Da Girkancin yau suke yi, fassarar Turanci tana fitowa a allo a gefe. Mata, ku matso ku ji. Mediya 'yar sarkin Kolkis ce, wajen ƙasar Jojiya ta yanzu. Wani baƙo, Jeson, ya zo neman buzun rago na zinariya, so ya rufe mata ido, ta taimake shi da sihirinta, ta ci amanar ubanta, ta kashe ɗan'uwanta, ta bi shi. Ta haifa masa 'ya'ya biyu maza. Da suka zauna a Korinti sai gogan naku ya hango 'yar sarkin garin, ya ce aure zai yi, har da bakin cewa don gyara makomar yaran ne. Sarki kuma ya ce Mediya ta tattara ta bar masa gari. Sai ta aika wa amarya riga da kambi a matsayin gudummawa, ashe guba ce, amarya ta saka ta kama da wuta, uban ya rungume ta ya bi ta. Sannan ta kashe 'ya'yanta da hannunta, don kada ya rage wa Jeson komai a duniya. A'uzu billahi.

Kisan bai kama ni kamar maganar da ta yi wa matan garin ba. Ta ce su suna da gidan uba da dangi da ƙawaye, ita kuwa baƙuwa ce, ba uwa ba ɗan'uwa, in an wulaƙanta ta ba inda za ta yi yaji. Ta ce gara ta tsaya a fagen yaƙi sau uku da ta yi naƙuda sau ɗaya. Duk wadda ta bar gida ta zo ƙasar da ba a iya kiran sunanta daidai ta san wannan zancen. Na juya na ga Iya tana motsa baki tare da 'yar wasan, ta haddace wasu wuraren. A mota muna dawowa mutane suka kaure da musu, wani direban tasi ya ce Jeson ne azzalumi, wata ta ce ba zaluncin da ya kai uwa ta taɓa ɗanta. Kai ka ce a layinsu abin ya faru jiya. Iya ta ce a gasar da aka fara nuna wasan na uku ya zo, wato na ƙarshe.

Kada wani ya ce mini na tafi kallon gumaka. Mutanen nan Kiristoci ne 'yan Otodoks, da wuya ka ga mai yi wa Ziyus, babban abin bautar Girkawan dā, sujada. Labarin kakanni ne suka riƙe, suka share masa wuri, suka sa masa farashi. Titin da nake sayen citta da kanumfari sunansa Ebrifidu, sunan marubucin wasan nan ne. Kwabon yuro ɗaya nasu mujiyar Atina ce a jiki, na yuro biyu kuma budurwa Yuroba a bayan bijimi. Hawa tsaunin Akrofolis mai tsoffin gine-ginen tarihi a Atina yuro 30 ne yanzu, kuma sai da suka ƙayyade mutum 20,000 a rana saboda cunkoso. Mai yi wa baƙi jagora sai ya yi karatu ya karɓi lasisi. Ko tashar jirgin ƙasa ta Sintagma, tukwane da kaburburan da aka tono wajen haƙa ta suna nan a bayan gilashi, kana wucewa aiki kana kallo.

Mu fa? Muna da Bayajida da Daurama da macijin rijiyar Kusugu, labarin da ya haɗa baƙo da sarauniya da aure da asalin garuruwa bakwai. Muna da Barbushe a kan Dala. Yaro ya tambaya a ce masa jahiliyya ce, ya yi shiru. Badalar Kano da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900, muna kallo ana yankarta fuloti-fuloti, ana kwasar ƙasarta ana buga bulo. In Bature ya zo ya ɗauki hoto ya rubuta littafi, sai mu ce an sace mana tarihi. Su ma an sace musu: wani jakadan Ingila, Elgin, ya kwashe sassaƙen Fatenon, tsohon ɗakin bautar da ke kan Akrofolis, ya sayar wa gwamnatin Ingila a 1816. Amma su gidan tarihi suka gina suka buɗe a 2009, suka jera mutum-mutumin 'yan mata biyar, suka bar gurbin ta shida da ke Landan fanko, kowane ɗan makaranta an kai shi ya gani.

To, kada ku ɗauka aljanna ce. Takardar zama sai ta sa ka furfura: a ba ka rana bayan watanni, ka je a ce wata takarda ta ƙare, kafin ka sabunta ta wata ta mutu. Haya ta yi tsada domin masu gida sun gwammace 'yan yawon buɗe ido na kwana uku. Lahadi kantuna a rufe, yajin aikin motoci kuma ba ya sallama. Naman da ake gasawa a bakin titi yawanci alade ne, sai na gangara wajen Omoniya gun mahautan Pakistan da Masar. Masallacin da hukuma ta amince da shi a Atina sai a 2020 aka buɗe shi a Botanikos, ba hasumiya, kuma bai fi mutum 350 yake ɗauka ba, sauran jama'a a ɗakunan ƙarƙashin gini suke Juma'a. Rabin 'yan gumakan da ake sayarwa a Monastiraki kuwa, juya gindinsu ka ga daga Sin aka kawo su.

Man zaitun dai ba a magana, da tumatir da zuma. Kuɓewa ma suna ci, sai dai guda-guda suke dafa ta da tumatir, sun tsani yauƙi, har jiƙa ta suke yi da ruwan tsami don ya mutu. Na yi wa Iya miyar kuɓewa irin tamu, ta ɗaga cokali ta ga zare yana binsa, ta ajiye ta ce in kawo mata burodi da cuku. Duk mai tahowa ta Istambul ya taimaka ya riƙo mini daddawa da kuka, a ƙulle su sosai a leda biyu saboda masu binciken kaya.