Injin tafiya ko tsuguna-tashi: wanne ya fi kwashe suga daga jini?

Malam, ka tambaya ko ka sayi injin tafiya, wanda ake tafiya a kansa a cikin ɗaki, don rage suga a jini. Kuɗin injin nan ka bar su a aljihunka. Tunda ba ciwon suga gare ka ba, zaman kujera ne ya yi maka yawa, motsa jiki da nauyin jikinka ya ishe ka.

Idan ka ci tuwo ko shinkafa, suga kan kai ƙololuwa a jini tsakanin minti 30 zuwa awa ɗaya. Tsoka ce ke kwashe mafi yawansa, kuma tsokar da ke aiki tana jan suga ko insulin, sinadarin jiki da ke shigar da suga cikin tsoka, bai tura ta ba. Manyan tsokoki suna cinya da ɗuwawu, shi ya sa tsuguna-tashi ke gaba da sauran. Bayan ka gama, jiki kan ci gaba da jin maganar insulin na kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan amfanin ya fara janyewa. Don haka kada ka tsallake kwana biyu a jere.

Minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, tsaya gaban kujera, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Tura ɗuwawu baya kamar za ka zauna, da ya taɓa kujerar ka miƙe, sau 10 zuwa 15. Sai ka dafa bango ka ɗaga dunduniya sau 20, sannan ka ture jikinka daga bango da hannu sau 10. Huta minti ɗaya, ka zagaya sau uku. Duka bai wuce minti 10 ba. A ofis kuma, duk rabin awa zuwa minti 45 ka tashi ka yi tsugunne goma. Gutsuttsura zaman ya fi a yi zufa sau ɗaya da asuba sannan a kafe a kujera har magariba. Dattijo ma yana iya yi da babbar rigarsa, hannu ɗaya a kan tebur, kafin shayi ya huce.

Inda ake ɓatawa: gwiwa ta karkata ciki ko dunduniya ta bar ƙasa, sai nauyi ya koma kan gwiwa, gobe a ce atisaye ne ya kawo ciwo. Wasu su riƙe numfashi, wanda ke ɗaga hawan jini. Fitar da iska lokacin miƙewa. Kuma idan ka yi da ƙarfin tsiya ka gwada suganka nan take, kana iya ganin suga ya ɗan hau, saboda hanta ta sako nata. Yakan sauka da kansa, kada ka firgita. Ciwon cinya na kwana biyu a makon farko ma ba komai ba ne.

Injin? Yana aiki, tafiya ce dai. Amma galibi sai da wuta, yana cin ɗaki, ba ya gina tsoka kamar tsugunne, kuma a gidaje da yawa ya koma wurin shanya. Tafiyar da zai ba ka, zagayen unguwa na minti 15 bayan abincin dare zai ba ka kyauta. Ita ma ka haɗa da ita, don Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a mako take so, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Ka kiyayi masu tallan bel mai girgiza tumbi da shayin "wanke suga". Akwai irin haɗin nan da aka samu an cusa masa maganin asibiti a ɓoye, mai lafiya ya sha sugansa ya faɗi warwas. Idan lallai za ka kashe kuɗi, sayi na'urar gwajin suga, ka duba ranar ƙarewar 'yan takardun ɗiga jinin, domin waɗanda suka lalace ƙarya suke nunawa. Da safe kafin ka ci komai, ƙasa da 100 a ma'aunin mg/dL ake so. Awa biyu bayan abinci, ƙasa da 140. Idan na safe ya yi ta zama tsakanin 100 da 125, ko ya kai 126, tafi asibiti a tabbatar.